HUNAINU ƊAN IS'HAƘU: Yaron Da Aka Kora Daga Karatun Likita Aka Ce Ya Je Ya Yi Canji

Yau kimanin shekara 1,200 ke nan, a birnin Bagadaza na ƙasar Iraƙi, wani babban likita ya fusata da ɗalibinsa saboda yawan tambaya, ya sa barorinsa suka fitar da shi daga gidan. Bai tsaya a kora kaɗai ba, sai da ya goranta masa asali. Ya nuna masa cewa mutanen garinsu ba su gāji likitanci ba, abin da ya kamace shi shi ne ya roƙi ɗan jari wurin danginsa, ya zauna bakin hanya ya riƙa canjin kuɗi. Yaron ya fita yana kuka.

Masu karatu da ke zaune a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ba sa bukatar a yi musu bayanin zafin irin wannan magana. Akwai wuraren da in aka ji sunan garinku, to, an riga an yanke muku sana'ar da za ku iya.

Sunan yaron nan Hunainu ɗan Is'haƙu. Shi ne daga baya ya zama shugaban masu fassara na zamanin Abbasiyawa, kuma ta hannunsa da hannun almajiransa ne mafi yawan ilmin likitancin Yunanawa, watau mutanen Girka na dā, ya shiga harshen Larabci.

An haife shi a shekarar 809, wasu sun ce 808, a garin Hira, kusa da Kufa. Kafin zuwan Musulunci Hira babban birni ne, nan ne fadar sarakunan Larabawa irin su Nu'umanu ɗan Munziru. Amma tun da aka gina Kufa a shekarar 638 sai Hira ta fara ja da baya, har ya zama an fi sanin mutanenta da fatauci da canji. Hunainu daga cikin Ibadawa yake, watau Larabawan Hira da ke bin addinin Kirista, kuma a kan addinin nan ya rayu har ya mutu. A gida da kasuwa Larabci suke yi, a wurin ibada kuwa da makaranta Suryaniyanci, wani harshe ɗan'uwan wanda Annabi Isa, alaihissalam, ya yi magana da shi. Saboda haka tun yana yaro ya tashi da harshe biyu a baki. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne yana sayarwa. To, ɗan mai haɗa magani in ya ɗaga kai, ai likita zai hango.

A wancan zamani likitancin fadar Bagadaza yana hannun 'yan gidaje kaɗan ne, waɗanda asalinsu daga Jundisabur suke, wani gari a ƙasar Farisa. Tun shekarar 765, da Halifa Mansur ya yi ciwon ciki aka kirawo Jurjis ɗan Bakhtishu daga can ya yi masa magani, zuriyar wannan gida suka riƙe aikin, ɗa ya gāji uba, jika ya gāji ɗa. Su ma Kiristoci ne, ɗarika ɗaya da mutanen Hira, amma ba sa son ɗan 'yan kasuwa ya shigo musu sana'a. Malamin da ya kori Hunainu, Yuhanna ɗan Masawaihi, daga wannan tsatso na Jundisabur yake. Abin dariya kuwa, masu tarihi sun ce shi kansa mahaifinsa da dakan magani ya fara a asibitin Jundisabur. Laifi tudu ne.

Littafin da Hunainu ke karantawa a gaban malamin ranar da aka kore shi wani ƙaramin littafi ne na Jalinusu a kan rarrabuwar likitoci ƙungiya ƙungiya. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da littafin nan gaba.

Ya ɓace, ya dawo da harshe na uku

Daga ranar nan aka daina ganinsa a Bagadaza. Wasu masu tarihi sun ce Iskandariyya ta Masar ya tafi, wasu sun ce ƙasar Rumawa. Abin da ya tafi nema dai ɗaya ne. Ya lura cewa duk wannan ilmi da mutanen Jundisabur ke taƙama da shi ba nasu ba ne, fassara ce suke karantawa da Suryaniyanci, asalin kuwa da Yunananci aka rubuta shi. Sai ya ƙudura ba zai koma kan likitanci ba sai ya iya harshen da kansa.

Wani mutum da ya san shi tun a makarantar Yuhanna, Yusufu ɗan Ibrahim, shi ya bar mana labarin dawowarsa. Bayan shekaru ya je gidan wani a Bagadaza, sai ya tarar da wani saurayi gashi ya rufe masa fuska, yana kai da kawowa yana rera waƙen Homa, babban mawaƙin Yunanawa, da ka, cikin harshen asali. Da murya ya gane shi. Hunainu ya roƙe shi ya rufa masa asiri tukuna, don bai gama shiri ba.

An kuma ce ya zauna a Basra ya ƙware a nahawun Larabci. Wasu littattafai har sun ce a wurin Halilu ɗan Ahmadu ya yi karatu, amma wannan ba ya yiwuwa, domin Halilu ya rasu tun kafin a haife shi.

Wanda ya fara gane darajarsa shi ne Jibrilu ɗan Bakhtishu, tsohon likitan Haruna Rashid. Hunainu da kansa ya rubuta cewa yana da shekara kamar 17 ya fassara masa wani littafin Jalinusu zuwa Suryaniyanci. Yusufu ya ce ya ga dattijon nan, wanda sarakuna ke girmamawa, yana kiran yaron da laƙabin da ake kiran manyan malamai. Ran nan Hunainu ya ba Yusufu wata fassara ya kai wa tsohon malaminsa ba tare da ya faɗi mai ita ba. Yuhanna ya karanta ya yi mamaki ƙwarai, da ya ji ko aikin wane ne sai ya nemi a sulhunta su. A nan dole a yaba wa Yuhanna, gama ba kowane babba ne ke iya haɗiye maganarsa ba. Daga baya ya zama cikin masu ba Hunainu aikin fassara, har ya rubuta wani littafi na gajerun hikimomin likitanci da sunansa. Ya rasu a shekarar 857.

Wane ne Jalinusu?

Kafin mu ci gaba ya kamata a san mutumin da Hunainu ya ƙarar da ransa a kan littattafansa. Jalinusu, wanda Turawa ke kira Galen, an haife shi a shekarar 129 a garin Fargamus, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ya yi wa sarakunan Rum likita, ya yi rubutu mai yawan gaske a kan ƙirar jiki da bugun jijiya da zazzaɓi da abinci da magunguna, ya kuma yi sharhi a kan littattafan Abuƙiraɗu, wanda ya riga shi da wajen shekara 600. Tushen koyarwarsu shi ne cewa jikin mutum yana da ruwaye huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. In sun daidaita mutum yana lafiya, in ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta tashi, magani kuwa shi ne a ba jiki kishiyar abin da ya yi masa yawa.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure aka buɗe littafin nan na Rahama a kan magani, wanda ake jingina wa Suyuɗi, ya ji wannan bayani na ɗabi'u huɗu tun a babin farko. Hanyar da ya biyo har ya iso garuruwanmu doguwa ce, amma in aka bi sawu za a tarar ta ratsa ta teburin Hunainu.

Yadda yake aiki

Ba da ƙa muka san yadda yake aiki ba, shi ya rubuta da hannunsa. Wani bafaden halifa, Aliyu ɗan Yahaya, ya roƙe shi ya lissafa masa littattafan Jalinusu da waɗanda aka fassara. Hunainu ya rubuta masa doguwar wasiƙa yana da shekara 48, wajen shekarar 856, bayan shekara takwas kuma ya yi mata ƙari. A ciki ya kawo littattafai 129, ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da kowanne ya ƙunsa, wa ya taɓa fassara shi, don wa aka yi, kuma fassarar tana da kyau ko ba ta da shi. Bisa ƙidayar masana da suka bi wasiƙar, shi kaɗai ya juya wajen 95 zuwa Suryaniyanci, 39 kuma zuwa Larabci.

Littafin nan da aka kore shi a kansa yana cikin na farkon lissafin. Ya ce ya fassara shi yana da shekara 20 ko sama kaɗan, don wani likita mutumin Jundisabur, daga wani kwafi na Yunananci mai kurakurai da yawa. Da ya kai shekara 40, almajirinsa Hubaishu ya roƙe shi ya gyara. A lokacin ya riga ya tara kwafi da dama na littafin. Sai ya jera su, ya gwada wannan da wancan, kalma da kalma, har ya fitar da matani guda ingantacce, sa'an nan ya ɗauko tsohuwar fassararsa ya gyara ta a kansa. Ya ce haka yake yi a duk abin da zai fassara. Bayan wasu shekaru ya sake juya littafin zuwa Larabci. Watau ƙaramin littafi guda, sau uku yana komawa kansa cikin shekara fiye da 20.

Dalilin wannan wahala a bayyane yake. Babu injin buga littafi a lokacin, kowane kwafi da hannu ake rubuta shi, kuma kowane mai kwafa yana tsallake layi ko ya sauya kalma. Littattafan Jalinusu sun yi shekara 600 suna wucewa daga hannu zuwa hannu. A littafin waƙa kuskuren mai kwafa ɓata daɗi kawai zai yi, amma a littafin magani, in aka sauya sunan ganye ko ma'aunin da za a sha, ai rai ne a ciki.

Wani malami na baya, Safadi, wanda ya rasu a shekarar 1363, ya ce masu fassara na wancan zamani hanya biyu suka bi. Na farko suna ɗaukar kalmar Yunananci su nemo mata ta Larabci su ajiye, su ɗauki ta gaba, har jimla ta ƙare. Abin da ke fitowa kalmominsa na Larabci ne amma Balarabe ba ya gane shi. Hunainu kuwa sai ya karanta jimla duka, ya fahimci abin da ake nufi, sa'an nan ya faɗe shi yadda mai harshen zai faɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko likita a garin da ba a jin harshensa, ransa na hannun tafinta, ya san bambancin waɗannan biyu.

Abin da ya fi burge ni a cikin halinsa shi ne ba ya ɓoye inda ya gaza. A wani littafi Jalinusu ya kawo baitocin wani mawaƙin barkwanci na Yunanawa mai suna Aristofanis. Hunainu ya rubuta a wurin cewa kwafin da ke hannunsa ya lalace, shi kuma bai saba da salon wannan mawaƙi ba, don haka ya tsallake, kuma tsallakewar ba ta rage komai daga ma'anar da Jalinusu ke nufi ba. Da wani ne, da sai ya ƙaga abin da ya ga dama ya cike gurbin, wa zai kama shi? A cikin wasiƙar kuma yadda yake kushe fassarar magabata irin su Sarjis, wanda ya rasu tun 536, haka yake kushe tasa ta ƙuruciya. Akwai dai wuri guda da yake sa hannu da gangan. Inda Yunanawa suka ambaci gumakansu, sau da yawa yakan mai da maganar ta zama Allah ko mala'iku, don masu karatunsa Musulmi ne da Kiristoci da Yahudawa.

Neman littattafan ma kansa aiki ne. Akwai wani babban littafin Jalinusu a kan hujja da yadda ake tabbatar da magana, mai kashi 15. Hunainu ya ce ya bi shi ƙasar Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya bai samu ba, sai a Dimashƙa ya tarar da wajen rabinsa, shi ma ba a jere ba. Wani karon kuma a garin Raƙƙa, lokacin yaƙe-yaƙen Halifa Ma'amun, ya zauna da likita Salmawaihi don su gyara tsohuwar fassarar babban littafin Jalinusu na hanyar warkarwa. Salmawaihi na riƙe da na Suryaniyanci, shi yana riƙe da na Yunananci. Gyara ya yi yawa har suka ga gara a sake sabuwa. Ya zauna ya fassara kashi takwas. Aka sa a jirgin ruwa za a kai Bagadaza a kwafa, wuta ta kama jirgin, aikin ya ƙone ƙurmus, babu wani kwafi. Bayan shekaru ya sake fassara littafin tun daga farko.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan? An fi jin labarin cewa Ma'amun yana auna littafi ya ba shi zinariya daidai nauyinsa, har wai shi ya sa yake rubutu da manyan baƙaƙe a kan takarda mai kauri. Labari ne mai daɗi, ana kuma yawan cewa shi ne shugaban Baitul Hikima. Amma a wasiƙarsa sunayen da ke fitowa na likitoci ne 'yan'uwansa, masu son Suryaniyanci, da manyan ma'aikata da attajirai Musulmi, masu son Larabci. Cikinsu akwai 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, masana lissafi da taurari, waɗanda aka ce suna kashe wajen dinari 500 kowane wata a kan masu fassara.

Ba shi kaɗai yake aikin ba. Sau da yawa shi zai juya daga Yunananci zuwa Suryaniyanci, sai Hubaishu, wanda ɗan 'yar'uwarsa ne, ko Isa ɗan Yahaya su juya zuwa Larabci, shi kuma ya duba. Haka ya duba fassarar da Isɗifanu ɗan Basil ya yi wa littafin Diyuskuridis na itatuwa da tsirran magani. Ɗansa Is'haƙu, wanda ya rasu wajen 910, ya fi karkata ga falsafa da lissafi, shi ya fassara littattafan Aristo da dama da na Iƙilidis. Masu karatun ajami za su gane wata matsala da ta auku a nan: in aka rubuta Hunainu da Hubaishu ba ɗigo, kusan kamarsu ɗaya. Saboda haka masu kwafa suka riƙa ɗaukar aikin Hubaishu suna ba kawunsa, don sunansa ya fi tashi.

Halifa ya nemi guba

Da sunansa ya kai fada, sai Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861 yana zaune a Samarra, ya kira shi. Ibn Abi Usaibi'a, mai tarihin likitoci da ya rasu a 1270, ya kawo abin da ya faru. Halifa ya yi masa kyauta mai tsoka, sa'an nan ya ce yana da wani maƙiyi da yake so a kawar a asirce, a haɗa masa guba. Hunainu ya amsa cewa shi magunguna masu amfani kaɗai ya koya. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, bai sauya ba. Aka kai shi kurkuku ya shekara guda, yana ciki yana karatu da fassara abinsa.

Da shekara ta cika aka fito da shi. Aka ajiye dukiya a gefe guda, takobi da buzun da ake yanka mutum a kai a ɗaya gefen, aka ce ya zaɓa. Ya maimaita amsarsa ta farko, ya ƙara da cewa yana da Ubangijin da zai bi masa hakkinsa ranar tsayuwa. Sai Halifa ya yi murmushi ya ce gwaji ne. Yana tsoron kada sarakunan Rum su haɗa baki da likitan da ya zauna a ƙasarsu ya iya harshensu, a kashe shi ta hanyar magani. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi, ya ce abu biyu ne. Addininsa ya umarce shi da kyautata wa maƙiyi balle masoyi, sana'arsa kuma an kafa ta ne don amfanin mutane, kuma an ɗaura wa likitoci alkawari a wuya cewa ba za su ba da maganin kisa ba. Alkawarin da yake nufi shi ne rantsuwar Abuƙiraɗu, wadda har yanzu sababbin likitoci ke yin irinta ranar da suka gama makaranta.

Ko labarin ya sami ƙarin gishiri a bakin masu ba da shi, ya nuna irin zaman da likitan fada ke yi. Wanda aka ba amanar cikin sarki, shi ne farkon wanda ake tuhuma.

Masifar da ta fi wannan kuwa ba daga Halifa ta taso ba, daga 'yan'uwansa likitoci ta zo, masu addini ɗaya da shi, waɗanda da fassararsa suke cin abinci. Akwai wani rubutu da ake jingina masa inda aka ba da labarin. Bakhtishu ɗan Jibrilu, ɗan mutumin nan da ya fara ɗaga shi, wanda kuma Hunainu ya yi wa fassara da yawa, shi ya ƙulla makircin. Ya sa aka kai wa Halifa wani hoto mai kyau na Maryamu da ɗanta, ya sumbace shi a gaban Halifa, ya ce Hunainu ba ya girmama irin wannan, zindiƙi ne. Sa'an nan ya zaga ya gaya wa Hunainu cewa Halifa yana gwada Kiristoci da wani hoto, shi ma ya tofa masa yawu an wuce wurin, in an ce ya tofa ya tofa kawai. Hunainu ya shiga ya tofa. Halifa ya kira shugaban Kiristocin ƙasar ya tambaye shi hukunci, aka fitar da Hunainu daga jama'arsu, aka yi masa bulala 100, aka tsare shi wata shida, aka kwashe dukiyarsa da littattafansa. Sai da Halifa ya kwanta ciwo, sauran likitoci suka kāsa, ya kuma yi wani mafarki da ya tsorata shi, sa'an nan aka fito da shi. Ya yi magani aka dace, aka mayar da shi matsayinsa, aka ci tarar waɗanda suka nemi a kashe shi aka ba shi. Bakhtishu ma bai gama lafiya da Mutawakkil ba, an ƙwace dukiyarsa an kore shi daga fada.

Masana na zamani suna jayayya ko Hunainu ne ya rubuta wannan labari da kansa, kuma Ibn Juljul na Andalus ya kawo shi ta wata fuska dabam da sunan wani likita dabam. Amma batun littattafan tabbas ne, don a wasiƙarsa ga Aliyu ɗan Yahaya ya faɗa cewa duk littattafan da ya tara ɗaya ɗaya tun da ya yi wayo, daga garuruwan da ya yawata, ya rasa su gaba ɗaya a lokaci guda. Mutumin da ya taka har Iskandariyya don littafi guda, a auna abin da wannan ya yi masa. Allah Sarki.

Nasa littattafan

Ban da fassara ya wallafa nasa. Biyu sun fi shahara. Na farko littafin tambaya da amsa ne don masu koyon likitanci, wanda Hubaishu ya ƙarasa. A ƙarni na 11 aka juya shi zuwa Latin, Turawa suka mai da sunan mai shi Yohanitus, aka yi ta fara karatun likita da shi a makarantun Turai har ƙarni na 16. Yaron da aka kora saboda tambaya, da tambaya ya koyar da duniya.

Na biyu maƙaloli goma ne a kan ido, waɗanda ya rubuta a rarrabe cikin shekara fiye da 30 kafin a haɗa su. Shi ne littafi mafi tsufa da ya iso mana wanda ya bi ilmin ido a tsare, daga ƙirarsa zuwa cututtukansa zuwa magungunansa, kuma zanen ido da ke cikin kwafinsa yana cikin mafi tsufa da aka sani. Wani likitan ido Bajamushe da ya zauna a Alƙahira, Max Meyerhof, ya buga shi a shekarar 1928. A nan ake ganin wata wahalar da Hunainu ya sha: Larabci ba shi da sunayen wasu sassan ido a lokacin. Maimakon ya ɗauko kalmomin Yunananci ya dasa, sai ya bi ma'anarsu. Fatar gaban ido mai haske ta zama ƙarniyya, daga kalmar ƙaho. Ta can ciki mai kama da ragar kamun kifi ta zama shabakiyya. Wata kuma inabiyya, don ta yi kama da ɓawon inabi. Likitan ido a Alƙahira ko Dimashƙa da waɗannan kalmomi yake aiki har yau.

Ba a ce duk abin da ke ciki daidai ne ba. Ya bi Jalinusu a kan cewa ɗan abin nan mai kama da ƙanƙara yana tsakiyar ido kuma shi ne ke gani, alhali yanzu an san tattara haske kawai yake yi, shabakiyya ce ke karɓa. Maganar ruwaye huɗu ma likitancin asibiti ya bar ta tuntuni. Jalinusu birai da aladu da shanu ya fi feɗewa, ya ɗora abin da ya gani a kan mutum. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya ƙaryata shi a kan yadda jini ke ratsa zuciya, Vesalius ya fito da kurakuransa na ƙirar jiki a 1543, Harvey ya bayyana zagayawar jini a 1628. Sai dai likitocin ƙasashen Musulmi irin su Razi da Ibn Sina da Ibnun Nafis ba su iya Yunananci ba. Ba su isa su kama Jalinusu da kuskure ba sai da aka kawo musu maganarsa daidai yadda ya faɗe ta, ba tare da kuskuren mai kwafa ko na mai fassara ya gauraya da nasa ba.

Ibn Hallikan ya kawo yadda yake yini a shekarunsa na girma. In ya dawo daga hawa sai ya shiga wanka, ya lulluɓa da mayafi ya ɗan kwanta har ya yi gumi, ya tashi a turara shi, a kawo masa ƙosasshiyar kaza da romo da gurasa. Yana shan giya, da yake shi ba Musulmi ba ne, yana kuma son tuffa ta Sham. Ya rasu a watan Safar na shekarar 260 ta Hijira, watau Disamba 873, zamanin Halifa Mu'utamid, ko da yake Ibn Abi Usaibi'a ya ce 877. Ya bar 'ya'ya biyu maza, Dawuda likita da Is'haƙu mai fassara.

Akwai littattafan Jalinusu da asalinsu na Yunananci ya ɓace, ba a san su ba sai ta Larabcin Hunainu da almajiransa. Babban littafinsa na fiɗa kashi 15 ne, daga tsakiyar na tara zuwa ƙarshe a Larabci kaɗai suka tsira, daga nan aka juya su zuwa Jamusanci a 1906. Wasiƙar da ya rubuta wa Aliyu ɗan Yahaya kuwa a taskar littattafai ta Aya Sofiya a Istambul aka same ta, wani malami Bajamushe mai suna Bergsträsser ya buga ta a 1925. Shi kuwa littafin hujja da ya sha yawon nema, rabin nan da ya samo a Dimashƙa ya fassara shi ma ya ɓace daga baya. Abin da ya rage sai guntaye da wasu marubuta suka tsakuro, mafi yawa a littafin da Razi ya rubuta don nuna inda yake shakkar maganar Jalinusu.